Tsadar Rayuwar Wa Ake Aunawa a Birnin Kano?

Mai wannan lacca yana nan a kan bakansa cewa adadi ɗaya tak da ake fitarwa duk wata ba zai bayyana tsadar rayuwa a birni irin Kano ba.

Ma'aunin farashin kayan masarufi, wato lissafin da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke bin sauyin farashi da shi, yana bai wa kowane kaya nauyi ne gwargwadon jimillar kuɗin da dukkan gidaje suka kashe a kansa, saboda haka gidan da ke kashe naira miliyan ɗaya a wata ya ninka mai kashe dubu ɗari sau goma a cikin lissafin. Da hukumar ta sabunta ma'aunin a farkon 2025, nauyin abinci ya sauko daga kusan kashi 52 cikin ɗari zuwa kusan 40, hauhawar farashi kuma ta sauko daga kashi 34.80 a Disamban 2024 ta koma 24.48 a Janairun 2025, alhali sauyin ma'auni ne ya kawo mafi yawan wannan sauka.

Tun a 1857 Ernst Engel na Jamus ya nuna cewa gwargwadon talaucin gida, gwargwadon yawan kason da abinci ke ci daga samunsa. A ƙaddara cewa abinci ya tashi da kashi 40, sauran kaya kuma da kashi 20: magidancin da cefane ke cinye kashi 70 na samunsa zai fuskanci hauhawar kashi 34, wanda cefane ke ci masa kashi 30 kuwa kashi 26 ne nasa. Ga kuma bambancin awo, domin mai hali yakan sayi buhu a kasuwar Dawanau da kaka ya ajiye, shi kuwa ɗan dako ko mai tura ruwa kullum sai ya auni mudu ko gwangwani wajen mai shagon unguwa, sau da yawa bashi, ya kuma biya tsadar bazara ba tare da wani tanadi ba.

Masu cewa alƙaluman jihohi da na birni da karkara sun wadatar sun manta cewa unguwannin Nasarawa da Kurna duk birni ne a wajen hukumar. Batun tsadar aikin fitar da ma'auni daban-daban ma ba hujja ba ce, tunda birnin Hong Kong ya daɗe yana fitar da ma'auni uku bisa yawan abin da gidaje ke kashewa.

Ya wajaba Hukumar Ƙididdiga ta Jihar Kano da Jami'ar Bayero su riƙa fitar da ma'auni na masu ƙaramin ƙarfi, da matsakaita, da masu hali, a ɗauki farashin talaka a kan mudu, sannan a sa ma'auninsa a gaba duk lokacin da za a sake duba mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka tsayar a 2024.