Maƙerin Baƙi da Maƙerin Fari

Shugaban ƙungiya, malamanmu iyayenmu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da yawanku kun tuna sunan da kuka laƙa mini a aji ɗaya, wato Ɗan Maƙera. A lokacin ina jin haushi. Yau kuwa da shi zan yi magana, domin har yanzu akwai masu zaton ƙira iri ɗaya ce.

Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, maƙerin baƙi ne a Babban Mutum. Aikinsa baƙin ƙarfe: a sa shi cikin gawayi, yaro ya ja zugazugi har ya yi jajir, a ɗauko da awartaki, a dake shi da masaba a kan uwar maƙera. Nan ake samun garma da fartanya da lauje da gatari. Kakanninmu tama suke narkawa. Mu da tsohon sifirin mota muka taso. Da damina ta ƙarato, ba mai barci a gidanmu.

Maƙerin fari kuwa a zaune yake aiki, wutarsa kaɗan ce. Azurfa da tagulla da jan ƙarfe yake narkawa ya zuba, amma yawancin wuninsa a kan magagari yake ƙarewa, yana goga, yana zane, har zobe ko munduwa ko adon sirdi ya yi ƙyalli. A dā har kuɗin azurfa na Maria Theresa, masu ɗauke da shekarar 1780, sukan narka. Shi ba ruwansa da damina, lokacin biki da salla yake jira.

Mu mutanen ƙasar Daura bai kamata mu raina na baƙi ba. A labarin Bayajidda, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita.

Abin da ya sa na kawo zancen: a wani ofis da na taɓa aiki, an rubuta su duka a layi ɗaya, "maƙera", aka raba musu kayan aiki iri ɗaya. Na ga dattijo mai ƙera 'yan kunne riƙe da ƙatuwar masaba yana dubanta. Ni na buga takardar, kuma ban ce komai ba.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya, cikin kuɗin gyaran ɗakin koyon sana'a na bana, a ware na maƙera biyu, na baƙi da na fari, su riƙa zuwa koyar da ƙannenmu ranar Asabar. Na wata uku na farko ni zan biya.