Auren Rajista da Neman Asalin Zuri'a: Lacca ga 'Yan Babbar Kasuwar Kaduna



Ku 'yan kasuwa ba a koya muku darajar rubutu. Ba wanda zai ba da atamfa turmi goma bashi ya ce zai riƙe a ka. Littafi yake ɗaukowa. Amma in na ce kowa a nan ya faɗi shekarar da aka ɗaura auren kakarsa, da sunan waliyyinta, da abin da aka bayar sadaki, mutum nawa ne zai iya? Wannan giɓin ne ya kawo ni gabanku yau.

Auren da hukuma ke ɗaurawa a ofis, wanda muka fi sani da auren kotu, bai daɗe ba ko a Turai. Can da, coci ke ɗaura aure, ita ke ajiye littafinsa. A 1792, bayan juyin juya hali, Faransa ta karɓe aikin daga hannun limaman coci ta damƙa wa magajin gari. Shi ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, in suna son shaidar hukuma, ofishin magajin gari suke nufa, a ba su littafin iyali da ake rubuta aure da haihuwar 'ya'ya a ciki. Ingila ta yi tata dokar a 1836, ta fara rajista a 1837. Mu kuwa ta bakin teku abin ya zo mana: dokar aure ta 1884 ta yi aiki a Legas, sannan da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka yi wadda ta game ƙasa duka. Ita ce tushen wadda ake aiki da ita har yau, aka ƙara mata dokar 1970 da ta shafi rabuwa.

Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, da aka taso daga Zungeru. Garin akawu ne da soja da ma'aikatan jirgin ƙasa, da yawansu daga Kudu, wasu ma daga Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Su da Kiristocin da suka yi makarantar mishan su ne suka fi yin irin wannan aure, ko a ofis ko a cocin da hukuma ta ba lasisi. To, jikokinsu sun dace. Ana kafa sanarwa kwana 21 domin mai ƙorafi ya fito, a ɗaura cikin wata uku a gaban shaidu biyu. Takardar tana ɗauke da sunan ango da amarya, da sana'arsu, da inda suke zaune, da ko sun taɓa aure, da sunan mahaifin kowannensu da sana'arsa. Biyu ake rubutawa, ɗaya a hannun ma'aurata, ɗaya a ofishin mai rajista. Daga takarda guda mutum ya samu tsatso biyu, da unguwa, da sa hannun kakansa. Abin da ke damuna da ita shi ne babu gurbin sunan uwa. Ingila da muka kwaikwaya ma sai 2021 ta gyara wannan.

A nan dole in ja kunne, don matasanmu kan ruga rajista saboda neman biza ba su tambayi abin da suka sa wa hannu ba. Auren wannan doka na mace ɗaya ne. Wanda ya yi shi ya ƙara aure a kai ya yi laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar, kuma ba a warware shi da furucin saki, sai Babbar Kotu. Musulmin da ke son shaidar aurensa, takardar da ta dace da auren Musulunci zai nema a kotun shari'a ko a masallacin da aka ɗaura.

Yawancinmu a zauren nan kakanninmu ba su taɓa taka ofishin rajista ba. An taru a ƙofar gida, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki, shaidu sun ji, an shafa fatiha, an raba goro. Aure ya ɗauru sarai, babu abin da ya rage masa. Sai dai ajiyarsa a zukatan shaidu take, su kuwa shaidu ƙasa na rufe su.

Duk da haka kada mai neman asali ya yanke ƙauna. Aurenmu ba ya barin takarda ranar ɗaurawa, amma yakan bar ta ranar da aka je gaban alƙali. Matar da ta nemi khul'i, mijin da ya bi sadakinsa, rigimar riƙon yaro, duk mufti ya rubuta, da Larabci ko da ajami, daga baya da boko. Wanda ya fi duka amfani shi ne rabon gado. Alƙali ba zai raba dukiya ba sai an lissafa masa matan mamaci ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'yan kowane ɗaki, maza da mata, da iyayensa in suna raye. Shafi ɗaya na gado ya fi takardar rajista bayani, domin a nan ne za ka ga sunayen matan da ita ta tsallake. Wannan kasuwa tamu ma sunan alƙali take ɗauke da shi: Sheikh Abubakar Gumi ya hau muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, kuma ƙararrakin aure da gado su ne jigon aikin kotun ɗaukaka ƙara da ya shugabanta.

Ina za a je? Ba nisa. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda Farfesa Kenneth Dike ya assasa a Ibadan a 1954, yana da babban reshe a nan Kaduna, kan titin Yakubu Gowon. A can aka tara fayilolin larduna da na En'e, da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, da rubuce-rubucen Larabci. Akwai kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970. Amma kada ka je da suna kaɗai. Audu da Garba sun yi yawa a Arewa. Ka je da sunan gari, da gunduma, da lardin da take ciki a lokacin, da zamanin wane sarki ko hakimi. Wanda auren kakanninsa na rajista ne, ya fara da ƙaramar hukumar da aka ɗaura, sannan cocin, domin coci kan riƙe nata littafin har da na baftisma.

Kafin duk wannan, a fara da gwaggo da inna. Littafin Baba ta Karo da ya fito a 1954, hira ce kawai Mary Smith ta yi da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, ta ba ta labarin aure-aurenta da na danginta, har yau masana na dogaro da shi. Tsofaffin gidajenku sun san irin wannan. Ba za su ce 1943 ba. Za su ce shekarar fara, ko lokacin yaƙin Hitila, ko bayan an kashe Sardauna. Ka rubuta yadda suka faɗa, lissafi ya biyo baya. Ka tambayi sunan yanka, don da yawa laƙabi ya binne nasu, matar da ake kira Ladi ko Iya ba haka alƙali ya rubuta ta ba. A buɗe adaka a duba rasit ɗin haraji, da fasfon aikin hajji, da katin biki, da bayan Alƙur'ani inda malamai kan rubuta ranar haihuwa, a ɗauki hotonsu da waya kafin gara ta riga mu.

Roƙona ga limamanmu da shugabannin wannan kasuwa shi ne kowane masallacin da ake ɗaura aure ya ajiye littafi mai kwali: rana ta Hijira da ta boko, ango da amarya, iyayensu maza da mata, waliyyi, wakili, sadaki, shaidu biyu da unguwanninsu. A ba ma'aurata kwafi, a ajiye wani a wani gini dabam saboda gobara. Kuɗin littafin bai kai na goron ɗaurin aure ɗaya ba, kuma ƙungiyarku na iya sayen na masallatan da ke kewaye da kasuwar nan a wannan watan.