Farfaɗiyar Jarirai

Yau zan yi muku magana a kan wata irin farfaɗiya wadda ke kama jarirai. Ba ta da yawa, amma in aka yi sakaci da ita, ɓarnarta babba ce.

Likitoci suna kiranta ciwon West. Shi West ɗin nan wani likita ne na Ingila. A cikin 1841 ya rubuta wa wata jaridar likitoci, Lancet, takarda yana neman taimako, domin ɗansa na cikinsa ne ciwon ya kama, yana ɗan wata huɗu. Ku duba, uba likita, ga ɗa a hannu, ba magani!

Galibi ta kan fara ne kafin yaro ya cika shekara. Ba ta kayar da shi yana kumfa kamar ta manya. Sai dai ka ga ya sunkuyar da kai farat ɗaya, ya ware hannuwa, ya naɗe ƙafafu, sa'an nan ya saki. Jim kaɗan ya sāke, ya yi ta yi a jere, yawanci in ya farka daga barci. Uwa ta ce ciwon ciki ne, kaka ta ce iska ce. Alhali kuwa abin a ƙwaƙwalwa ya ke. Wani wahalar haihuwa ce ta jawo masa, wani sanƙarau, wani kuwa da shi aka haife shi. Ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa.

Abin tsoro shi ne yaron da ya fara murmushi ya daina, wanda ya iya zama ya mance. Saboda haka kada a jira. In da waya, a ɗauki hotonsa mai motsi sa'ad da abin ya taso, a nuna wa likita, shi kuwa ya auna ƙwaƙwalwar da na'ura.

Maganin farfaɗiyar manya ba ya cika yi mata aiki. Nata su ne allurar ACTH, wadda aka fara gwadawa a 1958, da prednisolone, da vigabatrin. Kowanne da hatsarinsa: biyun farko su kan raunana jiki gaban cututtuka, na ukun ya kan taɓa gani. Lalle kada a tsai da su sai likita ya ce.

Ko fizgar ta tsaya, yara da yawa su kan makara wajen tafiya da magana, waɗansu kuma wata irin farfaɗiyar ta kan biyo baya. A riƙa zaunar da yaron, ana motsa masa gaɓoɓi, ana yi masa hira kullum, a kuma koma asibiti ranar da aka sa.