Shawara da Matasanmu a Kan Annobar Shaye-Shaye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani.

Bayan haka, ya ku shehunanmu, muƙaddamai, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa ahbabu, hankali yana daga cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, kuma da shi ake samun halartar zuciya a wajen zikiri. To, ga shi ƙwaya tana cinye hankalin 'ya'yanmu. Binciken da aka gudanar a Nijeriya da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. An kafa hukumar NDLEA tun 1989, an hana maganin tari mai kodin a 2018, amma wiwi da taramol da sholisho ba su bar lungunanmu ba.

Mun daɗe muna wa'azi, yaran na sunkuye da kai. Abin da ya rage shi ne mu saurare su, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Manzon Allah (S.A.W.), wanda wahayi ke saukar masa, ya karɓi shawarar Salmanul Farisi aka haƙa ramin Handaƙu. Ina ga mu?

Saboda haka ina roƙon kowace zawiyya ta keɓe zama ɗaya a wata, bayan zikirin Juma'a. A gayyato mai unguwa, da masu kemis, da likita, da matasan kansu. Mata su yi nasu zaman, domin uwa ce ke fara ganin canji a idon ɗanta. A fara ba matasa magana: me ya kai su, zaman banza ne, ko nauyin aikin ƙarfi, ko kuɗin 'yan siyasa? Kada a ambaci sunan ɗan kowa, sutura wajibi ce. Imamul Buhari ya ruwaito cewa an sha kawo wani sahabi saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa.

Kada a tashi sai an raba aiki. Dillali a miƙa shi ga hukuma. Wanda ƙwaya ta kama jikinsa a kai shi asibiti, domin yanke ta farat ɗaya na iya jigata shi. Wanda ya tuba, wani attajirinmu ya ɗauke shi koyon sana'a, a kuma ba shi wuri a sahun wazifa. A zama na gaba kowa ya faɗi inda ya kwana.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya maimaita mana wannan taro, albarkacin Annabi (S.A.W.). Wassalamu alaikum wa rahmatullah.