Ba ni zan zauna cikin ajin ba: yadda muka zaɓi jami'a ni da ɗiyata



Ni malamin firamare ne a nan Maraɗi, na fi shekara ashirin ina shan ƙurar alli. An ce in zo in yi magana bisa zaɓen makaranta bayan bak, to ba lacca na kawo muku ba, labarin gidana ne. Na so in faɗa muku shi don na san a gidaje da yawa ku ne kuke karanta takarda. In ƙanwa ta ci bak, tsoho wa yake juyowa ya tambaya? Ku. Ke nan abin da ya same ni, gobe yana iya samun ku tun ba ku haifi naku ba.

Ɗiyata ta fari ce, kun san al'ada, ba zan kama sunanta ba. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Ranar da sakamako ya fito ta ci bak ɗinta, seri D, tun zagayen farko, wallahi ban iya cin tuwo ba don murna. Wanda ya san ƙasar nan ya san abin da nake nufi. A Nijar, kusan mata uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da ta kai taminal har ta fito da bak, ta tsallake ramuka da yawa da ƙawayenta na CI ba su tsallake ba.

To a daren nan, kafin in tambaye ta komi, na gama yanke hukunci ni kaɗai. Yamai za ta, Jami'ar Abdu Mumuni, karatun likita. Har na fara ji a kunnena ana cewa ga baban dokta nan ya wuce. Sai da aka kwana biyu ina ta shiri, na lura yarinya ta yi shiru. Uwarta ce ta ja ni gefe ta ce: "Malam, kai kake son likitan nan ko ita?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Ni ne na so zama likita tun ina kolej, hali bai yi ba, na shiga makarantar horon malamai. Mafarkin da na binne shekara talatin na tono, ina so in aza wa yarinya ƴar shekara goma sha takwas ta ɗaukar mini.

Bayan sallar isha'i na kira ta bisa tabarma, na ce: "Uwata, mi kike so ki karanta?" Ta ce: "Duk abin da ka zaɓa, Baba." Ku lura da wannan amsa, don ita za ku fara samu. Ɗiyanmu mata an koya musu kunya, kuma kunya ado ce, amma in ka ɗauki amsar nan ka tashi, ba ka ji komi ba. Sai na sake salo. Na ce ta manta da sunan makaranta, ta gaya mini wane aiki ne in ta kama ba ta jin rana ta yi. Nan bakinta ya buɗe. Ta tuna mini shekarar da ƙwari suka cinye waken kakarta a ƙauye, buhu ya koma gari, da yadda aka kawo buhun nan na PICS mai ciki uku, wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ta ce ta ji cewa masu binciken INRAN na nan Tarna, gefen garinmu, suna cikin waɗanda suka gwada shi. Ta ce: "Baba, irin wannan aikin nake so."

Na yi shiru. Noma ke nan. A raina na ce, duk wahalar nan, a koma gona?

Washegari muka ɗauko takardar makinta, ita da bultin ɗin shekara uku na lise. Abin da ban so gani ba yana nan rubuce. A kimiyyar rayuwa da ƙasa, wadda kuke ce wa SVT, kullum tana sama. Fizik da lissafi kuwa, da ƙyar take haye goma bisa ashirin. Karatun likita shekara bakwai ne ko fiye, wurin kaɗan ne, masu nema da yawa. Da na tura ta can don in ji daɗin suna, ta yi shekara biyu tana faɗuwa, wa zai biya mata shekarun nan? Kuma kun san abin da za a ce a unguwa: ai da ma an faɗa, karatun mace ɓata lokaci ne. Ba ita kaɗai za ta faɗi ba, har ƙannenta mata za a rufe wa ƙofa da sunanta.

Sai muka sayi kaye sabo, muka ja layi huɗu. Layin farko sunan makaranta da abin da ake koyarwa, na biyu ko takardarta tana da daraja, na uku kuɗɗi, na huɗu inda za ta kwana.

A layin farko na gane jahilcina. Kaina ya tsaya a zamaninmu, lokacin da jami'ar gwamnati guda ce tak, ta Yamai, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, daga baya aka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin fizik ɗan Tasawa da ya yi suna kan makamashin rana. Yau kowace jaha tana da tata, takwas ke nan. Maraɗi da Damagaram da Tawa sun fara da IUT kafin su zama cikakkun jami'o'i, sannan a 2014 aka ƙara ta Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Kuma kowace da inda ta fi ƙarfi. Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da sashen noma da muhalli, da kimiyya, da lafiya, da IUT na gini da lantarki da kanikanci. Andre Salifu ta Damagaram akwai adabi da ilimin zamantakewa, akwai lafiya. Jibo Hamani ta Tawa an san ta da shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, kuma tana da sashen noma. Agadas ta karkata ga makamashi, Difa ga muhalli, Doso ga fasahar sadarwa, Bubakar Ba ta Tilaberi ga noma da abinci. Ban da su, ga EMIG a Yamai ta ma'adinai da masana'antu, ga makarantun lafiya na ENSP a Yamai da Damagaram, ga Jami'ar Musulunci ta Sayi ga wanda ya yi Faransanci da Larabci. Mafi yawa tsarin LMD ake bi: lisans shekara uku, masta biyu, dokta uku. Wannan ya kwantar mini da hankali, don na ga tana iya tsayawa a lisans da takarda a hannu, in Allah ya buɗa ta ci gaba.

Layi na biyu ne ya tsamo mu daga rami. Wani abokina ya kawo mini takardar tallar wata makaranta mai zaman kanta, ba zan faɗi sunanta ba. Hoto mai kyau, ɗalibai sanye da riga iri ɗaya, an rubuta cewa aiki na jiran duk wanda ya gama. Suka ce in kawo kashin farko kafin ƙarshen sati ko wuri ya ƙare. Na tafi ni da ita. Ita ce ta tambayi mutumin da ke bureau: "Don Allah, muna iya ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta wannan fannin? Kuma CAMES ta amince da diplom ɗin?" Sai aka fara kewaye-kewaye, wai takardar na hanya. Muka yi godiya muka fito. CAMES, ga wanda bai sani ba, hukuma ce ta ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, mazauninta Wagadugu, tana tantance takardun manyan makarantu. Kada ku fahimce ni baibai, akwai makarantu masu zaman kansu na ƙwarai a ƙasar nan. Na ƙwarai ba sa jin haushin tambaya, su ne ma ke fiddo takarda kafin ka nema. Kuma ku tambayi fannin da kuke so shi kansa, don makaranta tana iya samun izini bisa fanni guda ta buɗe biyar.

Layin kuɗɗi kuwa, nan ne na ajiye girman kai. Na faɗa mata albashina ƙiri-ƙiri, abin da ban taɓa yi ba. Muka lissafa kuɗin rajista, haya in ba a samu ɗaki a site ba, abinci, kabu-kabu, fotokopi, waya, da kuɗin mota zuwa gida hutu. Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, ba tafiyar da za a yi kowane wata ba ce. Ta yi dosiyen burs a ANAB, amma mun yi lissafi kamar babu ita. Duk wanda ya yi fak a ƙasar nan zai gaya muku burs tana jinkiri, kuma yajin aiki na iya ja wa shekarar karatu tsawo. In yarinya tana garin da ba ta da kowa, wata uku ba ko dala, kun san irin waɗanda ke tsayawa da mota a bakin ƙofa. Ba ina zargin ɗiyan kowa ba ne. Ina cewa uban da bai yi wannan lissafi ba, shi ya tura ta.

Layi na huɗu shi ya fi tada ƙura a dangi. Yayata, gwaggonta ke nan, ta zo har gida ta ce: "Kai dai ba ka jin magana. Ga mai nema ya fito, ka aurar da ita, in ya so ta yi karatun a ɗakinta." Ban yi mata gardama ba, gaba take da ni. Na ce: "Yaya, tsoronki nawa ne, amma zo mu duba tare." Na nuna mata kayen. A Tawa muna da ɗan uwa mai iyali, mun riga mun yi magana da matarsa. A Yamai akwai wata tsohuwar ɗalibata da ta yarda ta zame mata yaya. Gwaggo ba ta ce ta yarda ba, amma ta bar zancen. Abin da na koya shi ne, in aka ce nesa, kada ku tsaya musu. Ku nemo amsar wurin kwana, da sunan mutum da lambar wayarsa. Sau da yawa tsoron gaskiya ne, kuma yana da magani. In an kawo maganin har yanzu ana cewa a'a, to kun san wani abu ne daban.

Daga ƙarshe ita ta jera da hannunta: noma a Maraɗi na farko, Tawa na biyu, Yamai na uku. Na nace bisa uku ɗin nan, don mai ƙofa guda in an rufe ta shekara ta tafi. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin a buɗe karɓar dosiye muka tanadi takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, shaidar bak, takardar maki da hotuna, muka kai aka buga musu hatimi, kowace kofi da yawa. Ranakun rufewa ta rubuta su da alli a bayan ƙofar ɗaki.

Allah ya sa ta samu zaɓinta na farko. Yanzu tana shekara ta biyu. Ba zan ce muku komi lafiya lau ba. Akwai darasin da ya kayar da ita sai da ta sake shi, akwai ranar da ta dawo tana kuka. Amma ba ta taɓa cewa ni na sa ta ba, don ita ta zaɓa, kuma washegari ta tashi ta koma. Ni ma, in na ga ɗiyar wani da farar riga a likita, har yanzu wani abu na ɗan motsawa a zuciyata, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai damanar da ta wuce mun tafi ƙauye, na gan ta tsugune cikin gonar kakarta tana juya ganyen wake, tsofaffin da suka yi shekara hamsin suna noma sun kewaye ta suna tambaya. Ranar na bar jin kunyar cewa ɗiyata noma take karantawa.

Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Gaskiya ne, ni na hango mata haya da yunwa da makarantar bogi. Amma abin da ke cikin ranta, ko ni na hau rimin ba zan gani ba sai ta faɗa.

Saboda haka ga roƙona gare ku. Bana, in ƙanwarka ko ɗiyar maƙwabci ta ci bak, kada ka ce mata yi kaza don kana jin ana samun kuɗi. Zauna da ita, ka tambaye ta har sau uku, ku duba makinta ba son rai, ku ja layukan nan huɗu. Ku kai ta ta ga makarantar da idonta, ta yi magana da ɗalibar da ke ciki, gani ya kori ji. In tsoho ya ƙi, kada ku yi masa tsawa, ku kai masa kayen. Ke kuma ƙanwata da ke zaune can baya, in an tambaye ki, ki daure ki faɗi. Ke za ki zauna cikin ajin nan, ba mu ba.

Allah ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya sa su fi mu.