Taba sigari da matasanmu masu ciwon suga: jawabin ma'aikaciyar lafiya a taron iyaye

 

Maganata yau a kan samarinmu ne masu ciwon suga da ke shan taba. Na san zaman sansani akwai tunani, ga rashin aikin yi, sai yaro ya ce kara ɗaya ne ke sa hankalinsa ya kwanta. Ba faɗa na zo yi ba. Abin da na'urar awo ke nuna mana zan gaya muku.

Suga idan ya yi yawa a jini, a hankali yake cin bangon jijiyoyin jini. Taba kuma wannan bangon take bi. Sinadarin nikotin yana matse jijiya, ya ɗaga hawan jini, ya sa zuciya bugu da sauri. Hayaƙin yana rage kitse mai amfani da ke share hanyar jini, yana kuma sa jini saurin daskarewa. Har ila yau yana hana insulin aiki sosai, shi ya sa mai shan taba zai sha magani a kan lokaci amma sugansa ya ƙi sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan shekara 25 ba ya jin komai. Yana buga ƙwallo, yana ɗaukar buhu ranar rabon abinci. Alamun suna fara bayyana ne a awo, shekaru kafin ciwo: hawan jini ya kai 140 bisa 90, awon suga na wata uku ya haura, furotin ya fara fita a fitsari, wanda ke nuna ƙoda ta fara gajiya. Sai kuma ƙafa. Jini idan bai isa yatsu ba, ɗan ciwon ƙaya sai ya ƙi warkewa, wani lokaci har a kai ga yankewa.

Masu cewa shisha ba taba ba ce saboda hayaƙin ya ratsa ruwa, ruwan ba ya tace gubar. Kuma a ɗaki ɗaya muke kwana, duk wanda ke ciki ya sha tare da kai, har jariri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya da hawan jini sukan fara sauka, bayan shekara 1 kuma haɗarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha.

Wanda ya yi niyyar bari, ya fara zuwa asibitin sansani. A makonnin farko yunwa takan ƙaru, suga yakan hau ya sauka, mai allurar insulin kuma wataƙila a gyara masa adadi. Kada ya gyara da kansa. Iyaye, ku rako su, kuma ku taho da katin asibiti da sauran maganin da ke hannu.