Buhun da Ya Fi Ƙarfin Mai Ɗaukarsa: Jawabi a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Mai girma Sarkin Zango, malamanmu, shugaban ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwana fatake na goro da albasa da hatsi, barkanmu da sake ganin wannan rana.

An ce in yi magana a kan ciniki. Ku yi mini haƙuri, maganar gadon bayan ɗan dako na kawo, kuma za ku ga ita ma ciniki ce.

Shekarun baya akwai wani yaro da yake sauke mini albasar Galmi duk lokacin da lori ta iso Kumasi. Ran nan yana saukowa a kan katako da buhu a wuya, ƙafa ta zame. Har yau bai ƙara ɗaukar kaya ba. Abin da na faɗa a ranar, Allah Ya yafe mini, shi ne yaron ya yi sakaci. Sai daga baya na tsaya na duba wurin. Katakon bai kai faɗin tafin ƙafa biyu ba, ga santsin ɓawon albasa. Ƙasan lorin ya kai ƙirjin mutum. Buhun kuwa ya haura kilo 100, domin mu da kanmu muke ɗinka masa ƙari a baki. Kowa ya san dalili: kuɗin mota da na tasha da abin da ake karɓa a hanya, daga Paga har nan, duk a kan buhu ake lissafa su. Saboda haka mai wayo yakan cusa buhu ɗaya da rabi a cikin ɗaya. Mu muka ci ribar, bayan yaron ya biya.

Akwai ilimi guda a kan wannan, Turawa suna ce masa agonomiks, wato a daidaita kayan aiki da jikin mai aiki da hankalinsa. A lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa faɗuwa wajen sauka, ana ta ɗora wa matuƙa laifi. A 1943 wani jami'i mai suna Alphonse Chapanis ya duba ya ga maɓallin tayoyi da na fukafukai kamarsu ɗaya, kuma suna dab da juna. Matuƙi ya gaji, ya kai hannu, ya naɗe taya alhali fukafuki ya nufa. Sai aka maƙala wa ɗaya 'yar tayar roba, ɗayan aka ba shi wata siffa dabam, hannu ya gane su ko ido bai duba ba. Irin wannan haɗari ya kau, kuma ba a sauya matuƙi ko ɗaya ba.

Mu ma mun ɗanɗana alherin irin wannan tunani. Yau in za ka tura kuɗi ta waya, sunan mai karɓa yakan fito kafin ka danna. Wannan ɗan layi ya ceci dukiyar mutane da yawa a cikinmu, musamman mu da har gobe muke lissafi da tsohon sidi, ko da yake tun 2007 aka cire masa sifiri huɗu.

To, mu koma kan buhu. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ma kilo 23 ta tsaya, in komai ya daidaita. Buhun siminti da muke cewa yana da nauyi, kilo 50 ne. Ku auna da namu.

Ga kuma 'ya'yanmu mata, kayayo, waɗanda sunan aikinsu ma daga kalmarmu ta kaya ya fito. Sabuwar kasuwar Kejetia gini ce mai hawa-hawa, kuma ta yi kyau. Amma duk kayan da ya hau sama a kan wata yarinya, wadda sau da yawa take goye da jariri, wuyanta ne ya biya kowace matakala. Wanda ya taɓa kai ɗayansu asibitin Komfo Anokye ya san abin da nake nufi.

Ban zo da abin da sai gwamnati ba. A tasharmu a gina dakali daidai tsayin ƙasan lori, a tura buhu a kwance maimakon a sauko da shi a wuya. Maƙeran Suame Magazine, waɗanda suke haɗa jikin mota tun daga ƙarfe, ba za su kasa yi mana amalanke mai manyan tayoyi ba, wadda hannunta ya tsaya daidai ƙugu, ba wadda sai an sunkuya ba. A fara yin guda biyu, a ba 'yan dakon su gwada mako guda, su faɗi inda take ciwo, sannan a yi sauran. Su ne masu jikin.

Mai wuyar ita ce ta buhu, don babu wanda zai rage nasa shi kaɗai ya biya kuɗin mota biyu. Sai ƙungiya. Ina roƙon shugaba ya zauna da direbobi da masu tasha, da 'yan'uwanmu na can wurin lodi a Nijar, a mayar da kuɗin mota kan nauyi. Na san wasunku suna murmushi, suna cewa Alhaji ya tsufa ya fara tausayi. Ku lissafa albasar da take ruɓewa a tsakiyar babban buhu saboda matsi da zafi, sannan mu yi magana.

Ni na ɗauki nauyin sikeli. Lori ta farko da za ta shigo mako mai zuwa, a auna buhu goma a gaban kowa, sakatare ya rubuta.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.